Wa Ke da Ikon Riƙe Bindiga? Tarihin Dokar Makamai Daga Kwatarkwashi Zuwa Gusau



Ran 23 ga watan Yuni 2022 Kotun Ƙoli ta Amurka ta yanke hukunci cikin wata shari'a da a ke kira shari'ar Bruen, ta rushe wata dokar Jihar New York wadda ta shekara fiye da ɗari tana aiki, dokar da ta ce ba a ba mutum izinin yawo da ƙaramar bindiga sai ya kawo dalili na musamman. Kwana uku bayan haka, watau ran 26 ga wata, a nan Gusau, Kwamishinan Watsa Labarai na Jihar Zamfara, Ibrahim Magaji Dosara, ya ba da sanarwa cewa gwamnatin Bello Matawalle ta umurci jama'a su shirya su mallaki bindigogi don kare kansu, kuma ta umurci Kwamishinan 'Yan Sanda ya ba duk wanda ya cancanta lasisi. Aka ce za a raba takardun nema 500 ga kowace masarauta cikin masarautu 19 na jihar. Cikin sanarwar nan kuma aka rufe kasuwanni aka hana hawan babur a gundumomin Mada da Wonaka da Ruwan Ɓaure, da masarautar 'Yandoton Daji ta ƙasar Tsafe.

Ba a daɗe ba Kwamishinan 'Yan Sanda, Ayuba Elkana, ya ce shi dai bai da ikon ba kowa lasisi, domin hanin da aka yi daga sama yana nan. Babban Hafsan Tsaro, Janar Lucky Irabor, shi ma ya ce Gwamna ba shi da hurumin ba da irin wannan umurni. To, ga abubuwa biyu cikin mako guda: can alƙalai sun ce wa hukuma ta sakar wa ɗan ƙasa bindigarsa, nan kuwa Gwamna ya ce a ba talaka bindiga, ma'aikacin da ke zaune a babban birninsa ya ce ba ya iyawa. Abin da na ke so mu duba yau shi ne yadda aka yi doka ta zama haka, domin ba a 2022 aka soma wannan gardama ba.

Kalmar bindiga kanta baƙuwa ce, daga Larabci muka aro ta. A ƙarshen ƙarni na 16 Mai Idris Aloma na Barno ya riga ya sami Turkawa masu harbi cikin rundunarsa. Tarihin sarakunan Kano ya nuna cewa a zamanin Kumbari, wajen 1731 zuwa 1743, a kan kawo bindigogi daga Nufe, kuma Babba Zaki, wanda ya yi sarauta daga 1768 zuwa 1776, shi ne ya fara kafa 'yan bindiga masu tsaron sarki. Amma fa kada mu ɗauka da bindiga aka yi jihadi. Da kibiya da mashi da takobi da doki aka yi Tabkin Kwatto a 1804, da su Muhammadu Bello ya ci 'Yandoto a 1806, da su aka buɗe Alƙalawa a 1808. Baturen nan Kilafatan, wanda ya ga yaƙin da Sarkin Musulmi Bello ya kai wa Gobirawa a Konya cikin 1826, ya ƙidaya bindigogin rundunar da ya ƙiyasta ta kai mutum dubu hamsin, bai sami hamsin ba. Garuruwan da suka tashi a wannan yanki a zamanin jihadi, irin su Gusau ta Malam Sambo ɗan Ashafa da Bungudu, da ganuwa da maharba masu baka suka tsare kansu.

Sai a rabin ƙarshe na ƙarni na 19 bindiga ta yawaita, kuma yadda ta yawaita shi ne abin lura. Etsu Masaba na Bida, wanda ya yi mulki daga 1859 zuwa 1873, ya tsaya a bakin Kwara ya kame cinikin bindiga da albarushi daga hannun Turawa, ba ya bari su wuce arewa sai abin da ya ga dama. Tanimu na Damagaram ya samo nasa ta hanyar Tarabulus, har ya sa maƙera suna zuba masa igwa a Zinder. Sarakunan da suka sami bindiga kuwa ba su raba wa hakimai ba, balle talakawa. Bayinsu na fada suka danƙa wa, domin bawa ba ya gadon sarauta, saboda haka ba a jin tsoron ya juyo da bakin bindiga. Sarkin Kano Alu, wanda a ke yi wa kirari da Mai Sango, ya san darajar wannan makami ƙwarai. Ashe tun kafin Nasara ya rubuta doka, mai mulki a ƙasar Hausa ya gane cewa kyakkyawar bindiga ta fada ce.

Turawa kuwa suka ɗauki wannan dabara suka mai da ita yarjejeniya tsakanin ƙasashe. A taron Birasals na 1890 suka shata wani yanki na Afirka, daga layi na 20 arewa da tsakiyar duniya zuwa layi na 22 kudu, suka hana sayar wa mutanen cikinsa bindigogin zamani masu ɗuri ta gindi da harsasansu. Abin da suka bari a sayar shi ne tsohuwar bindiga mai ƙanƙara wadda a ke ɗura wa albarushi ta baki, watau adaka, wadda mutanenmu suka laƙaba wa suna harba-ka-ruga. Hujjar da suka bayar ita ce hana cinikin bayi. Ko da akwai gaskiya cikin hujjar, ai ba a rasa ganin wanda ya ci ribarta. Shekara goma sha uku bayan haka aka ga amfanin wannan yarjejeniya a nan ƙofar gidanmu.

Sa'ad da Turawa suka ci Kano ran 3 ga Fabrairu 1903, Sarki Alu yana hanyar komowa daga Sakkwato da manyan mayaƙansa. Da labari ya iske su, runduna ta rabu: Alu ya yi nasa wuri, Wambai Abbas ya koma Kano ya miƙa wuya, Waziri Ahmadu kuwa ya ce sai ya gwada. A ƙarshen watan nan, kusa da duwatsun Kwatarkwashi, cikin ƙasar da yau ta ke Ƙaramar Hukumar Bungudu, ya yi karo da wani ƙaramin hafsa, Laftana Wallace Wright, wanda ke tafe da sojoji da ba su kai hamsin ba. Bisa ga lissafin Turawan, Waziri yana da dawaki wajen 1,000 da dakaru wajen 2,000. Sojojin suka yi sahu kusurwa huɗu, Kanawa suka yi ta sukuwa a kansu har wajen sa'a biyu, ba su keta sahun ba. Waziri ya faɗi a wurin, shi ya sa har yau a ke ce masa Mai Shahada. Wright kuwa aka ba shi lambar yabo mafi girma ta sojan Ingila. Ba jaruntaka ce ta gaza a Kwatarkwashi ba, kowa ya san haka. Ran 15 ga Maris aka maimaita abin a Giginya, ran 27 ga Yuli kuma a Burmi.

Abin da ya faru a Satiru cikin 1906 ya ƙara wa Turawa tsoro. Talakawa da gatura da fartanya suka kashe Turawa uku da sojoji fiye da ashirin, har suka kame bindiga mai ruwa. Ramuwar da aka yi ran 10 ga Maris ta shafe garin daga bayan ƙasa. Daga nan mulkin mallaka ya tsaya kan manufa guda wadda ya zuba cikin Dokar Makamai ta 1917 da gyare-gyarenta: bindiga tana da daraja hawa-hawa, mutane ma haka. Adaka ta manomi ce da maharbi, ya kori gwanki da biri daga gona, ya buga ran salla da ran naɗin sarauta. Mai baki biyu ta harbin tsuntsu sai sarki da attajiri da babban ma'aikaci, bayan Razdan ya yarda da halinsa. Bindigar yaƙi kuwa ta gwamnati ce. Masanin tarihi Saheed Aderinto ya yi littafi guda a 2018 a kan wannan al'amari, inda ya nuna yadda adaka ta bazu cikin Nijeriya a zamanin Turawa fiye da kowane zamani kafinsa, da saninsu kuma da yardarsu, don suna samun kuɗin shiga daga lasisi da albarushi.

Dokar da a ke gardama a kanta a 2022 'yar wannan gida ce. An yi ta a jajibirin mulkin kai, ta fara aiki a 1959, kuma ita ce aka sake bugawa cikin kundin dokokin Tarayya na 2004. Ta kasa bindigogi gida uku, kamar yadda uwarta ta yi. Gida na farko shi ne na haramtattu: igwa, da gurneti, da bindiga mai sarrafa kanta, da bindigar soja irin mai harsashi 7.62, watau har da AK-47, da libarba da sauran ƙananan bindigogin hannu. Waɗannan ba mai ba da lasisinsu sai Shugaban Ƙasa, wanda aka kama da ɗaya kuwa ba izini, ɗaurin shekara goma ne mafi ƙaranci. Gida na biyu shi ne na bindigogin farauta, lasisinsu yana hannun Sufeto Janar na 'Yan Sanda. Gida na uku shi ne na adaka da 'yan'uwanta masu ɗuri ta baki, a nan ne doka ta bar al'amari ga Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha, kuma a nan ne ta ba Gwamna ta cewa. Ku duba da kyau, jama'a: rabon da doka ta ba Gwamnan Zamfara cikin sha'anin bindiga shi ne daidai rabon da taron Birasals ya bar wa kakanninmu.

Har wa yau dokar ta faɗa a fili cewa lasisi ba haƙƙin kowa ba ne, alfarma ce. Hukuma tana iya hanawa ba tare da ta faɗi dalili ba. Ba a ba wanda bai kai shekara 17 ba, ko mai taɓin hankali, ko mai raunin gani, ko mashayi, ko wanda aka ɗaure kan laifin ta da hankali cikin shekara biyar da suka wuce. Bayan yaƙin basasa, da makamai suka watsu fashi ya yi yawa, gwamnatin Janar Gowon ta ƙara da dokar soja mai lamba 47 ta 1970, wadda ta yanke kisa ga ɗan fashi da makami, gwamnatin Janar Buhari kuma ta sabunta ta a 1984. Tsarin mulkin 1999 ya rufe ƙofa: cikin jerin abubuwan da Majalisar Tarayya kaɗai ke yi wa doka, makamai da harsasai da nakiya su ne na biyu. Sashe na 214 ya hana a kafa wata rundunar 'yan sanda ban da ta Tarayya, sashe na 215 kuma ya yarje wa Kwamishina, in Gwamna ya ba shi umurni, ya nemi a kai maganar gaban Shugaban Ƙasa tukuna.

Nan ne bambancinmu da Amurka ya ke. Su gyara na biyu da suka yi wa tsarin mulkinsu a 1791 ya ambaci riƙon makami a matsayin haƙƙi, shi ya sa mutum guda zai iya kai gwamnati ƙara ya kayar da ita, kamar yadda aka yi a shari'ar Heller a 2008 da ta McDonald a 2010. Ko su ɗin ma a 2024, cikin shari'ar Rahimi, kotun ta yarda a karɓe bindiga daga wanda alƙali ya tabbatar barazana ne ga iyalinsa. Mu kuwa daga Ingila muka yi gado, ƙasar da ta sa wa bindiga lasisi a 1920, ta kuma hana kusan dukan ƙananan bindigogi a 1997 bayan kisan yara 'yan makaranta a Dunblane. Saboda haka lauyan da zai ƙalubalanci dokar 1959 a Nijeriya ba shi da wani sashe da ya ambaci bindiga, sai ya bi ta bayan gida. Haka lauyan nan na Ikko, Malcolm Omirhobo, ya yi a 2021, sa'ad da ya nemi lasisin AK-47 daga Shugaban Ƙasa, ya kuma kai maganar Babbar Kotun Tarayya a Abuja, yana kafa hujja da haƙƙin rayuwa.

Hujjar ba ta banza ba ce. Sashe na 33 na tsarin mulki ya tabbatar wa kowa ransa, ya kuma yarda cewa wanda ya kashe wani wajen kare rai ko dukiya daga zalunci, gwargwadon larura, bai keta wannan haƙƙi ba. Kundin hukunta laifuffuka na Arewa, wanda ya fara aiki a 1960, ya ba da haƙƙin kare kai tun daga sashe na 59, da sharaɗin kada a wuce gona da iri, kuma kada ya zama akwai lokacin da za a iya neman taimakon hukuma. Malaman Malikiyya ma sun halatta tunkuɗe mai kawo hari, ko da ya ke su ɗin ne kuma suka hana sayar da makami a lokacin fitina. To, tambayar da mutumin ƙauye zai yi ita ce, ina amfanin a ce kana da haƙƙin kare kanka, a kuma hana ka abin da za ka kare kan naka da shi? Sashe na 14 ya ce tsaron jama'a shi ne aikin gwamnati na farko, amma sashe na 6 ya hana kotu ta saurari ƙara a kan babin da wannan magana ta ke ciki. Ko haƙƙin kare kan ma alƙalai sun ƙuntata shi: ran 7 ga Maris 2025 Kotun Ƙoli ta tabbatar da hukuncin kisa a kan Sunday Jackson, manomin Adamawa da ya kashe makiyayin da ya ce ya far masa da wuƙa a gona, bisa ga cewa tun da ya ƙwace wuƙar, gudu ya kamace shi. Mai Shari'a Helen Ogunwumiju ta saɓa wa sauran, daga baya kuma Gwamna Fintiri ya yi masa afuwa.

Yanzu mu komo gida. Ba sai na tuna muku abin da ya kai Gwamna ga waccan sanarwa ba, amma tilas a rubuta shi saboda na baya. A Yunin 2013 aka kashe mutum 48 a Kizara ta ƙasar Tsafe. A Afrilun 2014 aka kashe fiye da 100 a 'Yargaladima, wurin taron 'yan banga. Kwamitin da tsohon Sufeto Janar M. D. Abubakar ya shugabanta a 2019 ya ƙidaya fiye da mutum 6,000 da aka kashe tun daga 2011. An gwada sulhu, har a 2020 aka yi tayin shanu biyu ga duk wanda ya miƙa AK-47 guda. A Fabrairun 2021 aka kwashe 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe, a Yuli aka harbo jirgin yaƙi, a Satumba aka datse layukan waya, cikin watan nan kuma aka sace Mai Martaba Sarkin Bungudu, Alhaji Hassan Attahiru, a hanyar Kaduna zuwa Abuja, ya yi fiye da wata guda a hannunsu. Gwamna Masari na Katsina ya riga ya ce wa mutanensa su nemi makami tun watan Agustan shekarar. Matawalle ya bambanta da shi ne da ya mai da magana umurni, da takardu da adadi.

Ra'ayina a kan wannan gardama kashi biyu ne, kuma ba na jin ɗayansu zai yi wa kowa daɗi. Ta fuskar doka, Janar Irabor ne ke da gaskiya, ba ko tantama. Gwamna ba ya iya ba da abin da ba nasa ba. Abin da ya ba ni mamaki shi ne ba a kai maganar gaban alƙali ba, a rediyo da jaridu aka yi ta har ta mutu. Sashe na 232 ya ba jiha damar kai Tarayya ƙara kai tsaye a Kotun Ƙoli, kuma wannan gwamnati ta san hanyar, domin a Fabrairun 2023 ita da Kaduna da Kogi suka bi ta a kan canjin takardun naira, suka kuwa yi nasara ran 3 ga Maris. An je kotu saboda kuɗi, ba a je saboda rai ba. Da an je, ko da an faɗi, da aƙalla mun sami hukuncin da ya fayyace abin da ya rage wa ɗan ƙasa in hukuma ta kasa tsare shi.

Kashi na biyu kuwa, ko da Kwamishina ya sa hannu a kan takardun duka, me za su haifar? Takarda 500 sau 19 ta kama 9,500, cikin jihar da ƙidayar 2006 ta ba mutum miliyan uku da dubu ɗari biyu da wani abu. Watau takarda guda ga mutum wajen 345, in ma an ɗauka ba a haifi kowa ba tun daga lokacin. Wanda ya samu kuma, mai baki biyu zai saya, ya tari mai AK-47. Wannan ai Kwatarkwashi ce aka sake, sai dai a wannan karo ƙaramar runduna mai kyakkyawar bindiga ba ta gwamnati ba ce. Sa'an nan akwai abin da ba mu cika son faɗi a bainar jama'a ba: mun riga mun ga abin da makami ke yi a hannun wanda ba ya ƙarƙashin horo. 'Yan sa-kai sun tsare garuruwa da yawa, wannan gaskiya ne, amma kashe-kashen da waɗansunsu suka yi wa Fulani a kasuwanni da rugage, ba bincike ba shari'a, suna cikin abubuwan da suka rura wutar, har gwamnati ta haramta su fiye da sau ɗaya. Wa zai zaɓi mutum 500 ɗin a kowace masarauta? Makonni uku bayan sanarwar, a Yulin 2022, aka naɗa ƙasurgumin ɗan bindiga Ado Aleru Sarkin Fulani a 'Yandoton Daji, ɗaya daga cikin masarautun da aka ce su za su tantance masu neman lasisi, har sai da gwamnati ta dakatar da Sarkin.

Bayan haka al'amari ya ɗauki wata hanya. A Agustan 2023 Sufeto Janar Kayode Egbetokun ya dakatar da ba da lasisin ƙananan makamai a ƙasa baki ɗaya, a 2024 kuma Shugaba Tinubu ya sa hannu a kan sabuwar dokar hana yaɗuwarsu, daidai da yarjejeniyar ƙasashen Afirka ta Yamma ta 2006. Jihohi suka bar maganar bai wa kowa bindiga, suka koma kafa rundunoni masu kaki da albashi, irin hanyar da jihohin Yarbawa suka bi da Amotekun a 2020, wadda Ministan Shari'a Abubakar Malami ya fara cewa haramtacciya ce kafin a sasanta. Katsina ta kafa tata a Oktoban 2023, Gwamna Dauda Lawal kuma ya ƙaddamar da Askarawan Zamfara a Gusau ran 31 ga Janairu 2024, mutum fiye da 2,600. Amma dokar jiha ba ta iya ba askari bindigar gida na farko. Gwamna Ortom na Binuwai ya roƙa wa tasa rundunar lasisin AK-47 a 2022, bai samu ba.

A Fabrairun 2024 Shugaban Ƙasa da gwamnoni suka amince a duba kafa 'yan sandan jihohi. Yin haka yana bukatar gyaran sashe na 214, da kashi biyu cikin uku na kowane zauren Majalisar Tarayya, da amincewar majalisun jihohi 24 cikin 36. Masu tsara gyaran su lura da abu na biyu cikin wancan jeri da na ambata. In aka gyara sashe na 214 aka bar makamai inda su ke, to, ɗan sandan jiha da za a tura Kwatarkwashi ko Nahuce ko Kizara, sai an aika Abuja an roƙo masa izinin bindigar da zai rataya.